Duman Inna a Ƙasar Jaririya

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ce mata zauna, ya zuba teku ya ce mata tsaya nan, ya bar ɗan Adam yana kai da kawowa a tsakaninsu da jaka a kafaɗa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ku gyara zama, wanda ke rana ya matso inuwa.

Ni ne Nomau ɗan Tasalla mai ƙwarya, mutumin Dabagira, can bayan jajayen duwatsu, inda ruwan sama baƙo ne da ake yi wa shimfiɗa. Karatuna bai yi nisa ba, allona na nan jingine inda na bar shi. Don haka wanda ya ga zancena ya karkace, ya miƙe shi da kansa, ba zan ji haushi ba.

A Dabagira muna da wani duma da ban ga irinsa ko'ina ba. Yana da kunne. Duk abin da aka faɗa a gefensa, tun yana yaɗo har ya ƙosa, kwashewa yake yi. In an fafe ƙwaryar ta bushe, ka kifa ta a kunne, sai ka ji komai: carar zakara, gulmar maƙwabta, da muryar wanda ya rantse zai dawo da fartanya gobe. Shi ya sa a garinmu ba a yin ƙarya kusa da rumfa. Sai dai ƙwarya ba ta riƙe murya har abada. Da damina ta zagayo sai ta yi shiru, ta koma ta damun fura kamar sauran. Amma tsofaffi sun ce iri yakan gaji wani abu daga abin da uwarsa ta ji.

Duman Inna bai taɓa jin gulma ba, waƙa yake ji. Kullum da hantsi, in ta gama hura wuta, sai ta tsaya gindin rumfa tana tsince masa busassun ganye tana cewa:

Yaɗo, yaɗo, ɗan duma,
hau rumfa ka hango hanya,
in ka ga ɗana yana yawo,
ce masa tuwo ya huce.

Ba ta kuwa taɓa kai ƙarshe a numfashi ɗaya ba. Da ta ce "yana yawo", sai hayaƙin murhu ya shaƙe ta, ta yi ɗan tari, ta ce, "Kai, hayaƙin nan!" sannan ta ƙarasa. Ina ƙarami na zaci tarin ma a cikin waƙar yake.

Bayan kaka ciwo ya kwantar da ita, bai kuma ja lokaci ba. Ranar da ta ga jikin ba na tashi ba ne, ta kira ni, ta miƙo mini 'yar jakar fata.

Ta ce, "Nomau, ga irin dumana. Damina mai zuwa ce iyakarsa, in ya wuce ta ya mutu. Amma kada ka kuskura ka shuka shi a ƙasar da aka taɓa yin kuka a kanta. In ka yi, ba abin da za ka ji a ƙwaryar sai kuka."

Na ce, "Inna, ina zan samu irin wannan ƙasa?"

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ƙafafun nan ado na haifa maka su?"

Ita ce tsokanarta ta ƙarshe. Allah ya jiƙanta.

Na yi kuka a ɗaki, na yi a zaure, na yi a gona daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ranar da hankalina ya dawo, sai na ga ni da kaina na ɓata gonarmu kaf. Na je gonar kawuna, ya ce a nan ya yi kukan jakinsa. Na je fadama, aka ce nan mata ke zuwa in an ɓata musu rai. Sai na rataya jakar iri a wuya, na ɗauki ƙwaryar Inna ta ƙarshe, wadda muryarta ke ciki, na kifa a ka kamar malafa, na kama hanya. Ina tafe tana yi mini waƙa a tsakar ka.

Na ratsa dajin da itatuwansa ke juya wa baƙo baya. Na haye dutsen da ke amsa sallama amma ba ya amsa tambaya. Duk inda na yada zango tambayata ɗaya ce, an taɓa yin kuka a ƙasar nan? Wani ya yi dariya, wani ya ba ni ruwa, wata tsohuwa ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Ana haka na isa Birnin Annashuwa, inda aka ce tun kafuwarsa doka ta hana zubar da hawaye. Kowa haƙoransa a waje, mahauci da dariya, mai gyaran takalmi da dariya, har wanda kunama ta harba na gani yana tsalle yana ƙyalƙyala. Na ce alhamdulillahi, tafiya ta ƙare. Na zaga bayan wani gida na durƙusa ina duba ƙasar, sai na ga rami an rufe shi da faifai. Kafin in taɓa, wata dattijuwa ta fito, ta ɗaga faifan, ta cusa kanta ciki, ta rusa kukan da ya girgiza katanga. Ta ɗago, ta share fuska, ta washe baki, ta ce mini, "Sannu baƙo. Ka gama naka, ko jira kake?"

Ashe kowane gida da raminsa. Duk duniya babu ƙasar da ta ƙoshi da hawaye kamar ta Annashuwa.

Na miƙe zan fita gari, sai masu gadin ƙofa suka tare ni, wai fuskata ta saɓa doka. Hukuncin kuwa a ɗaure mutum a yi masa cakulkuli da gashin jimina har sai ya shiryu. Na san in suka kwance mini riga za su ga jakar iri, kuma na ga yadda babbansu ke tauna duk abin da ya samu a aljihun matafiya.

Na ce, "Ranku ya daɗe, ni ɗan ƙauye ne, ban iya ba ne. Wanda ya fi iya dariya a cikinku ya nuna mini, in koya."

Babban ya ce ai shi ne. Na biyu ya ce ƙarya ne, dariyar babba kamar ta akuya mai mura take. Babban ya buɗe baki ya yi tasa don ya ƙaryata shi, sai kuwa ta fito kamar ta akuya mai mura. Nan suka kece gaba ɗaya, suka riƙe ciki, suka zube ƙasa, har hawaye ya zubo wa kowa.

Na nuna na ce, "A'a, wannan ba hawaye ba ne?"

Suka dubi juna. Wannan ya cafke wancan, wancan ya cafke na kusa da shi, kowa na ihun ya kama mai laifi. Ni kuwa na raɓa ta gefensu, na dafe ƙwaryata, ban tsaya ba sai bakin kogi.

A nan na tarar da wani tsoho mai yatsa shida yana kwance kwale-kwale cike da rake. Sunansa Baba Cindo.

Ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya koro ka?"

Na ce, "Masu dariya, Baba."

Ya ce, "Su ne mafi sharri. Shigo. Amma kada ka zauna mini a kan rake, ba na mutane ba ne."

Kogin Gyangyaɗi ake ce wa wannan kogi, domin da rana ta take sai ya tsaya cik ya yi barci, har munsharinsa ake ji a ƙarƙashin jirgi. Ba mai tuƙi a lokacin, don wanda ya tashe shi, baya zai mai da shi. A irin wannan jira ne na ba Baba Cindo labarina, na kifa masa ƙwaryar ya ji. Muryar ta riga ta fara sirancewa, kamar mai waƙar tana bayan katanga. Da ya gama ji, sai ya karya rake ya miƙo mini.

Ya ce, "Kada ka gaya wa Lallausa na ba ka. Ɗan tudu, ka yi sa'a. A garinmu ƙasa haifarta ake yi."

Ga yadda abin yake. Birnin Sulmiya na zaune inda kogin ke shiga teku, kuma da manyan jiragen fatake yake ci. Amma kogi na kwaso rairayi yana zubewa a mashigar jiragen, in an bar shi sai ya toshe ta. Saboda haka suke yasar ta kamar yadda muke yasar rijiya, sai dai su da dorinai suke yi. Kowace dorina ana ɗaura mata ƙaton kwandon ƙarfe mai haƙora, ta nutse ta ja shi a ƙasan ruwa, ta fito da shi cike, ta je bayan gari ta juye a cikin tabki. Yau a juye, gobe a juye, har tabkin ya zama fili. Wannan fili suke kira Jaririya. Baba Cindo mai yasa ne, Lallausa kuwa dorinarsa ce, ita ya je wa sayen rake.

Da muka isa na ga Jaririya, sai da na cire ƙwarya daga kaina. Fili ne fari fat, shimfiɗe kamar tabarma, ba itace, ba kabari, ba tsohon murhu. Ko tsuntsu in ya sauka a hankali yake takawa. A gefe guda ga dogayen gidajen Sulmiya, a ɗaya gefen ga teku tana shiga tana fita kamar mai neman abin da ta yar.

Al'adarsu ita ce, baƙon da ke son fili sai Sarkin Yasa ya ba shi ɓawon katantanwa ya jefa, iyakar inda ya faɗi nasa ne. Na ja hannu na jefa da dukan ƙarfina, iska ta kwashe shi, ya faɗa tsulum cikin tukunyar wata mata da ke bandar kifi a rumfa ɗaya tilo da ke filin.

Sarkin Yasa ya ce, "Daga nan zuwa tukunyar can naka ne."

Matar ta fito da ludayi a hannu, ta ce, "Har da tukunyar? To ya zo ya wanke abarsa!"

Baba Cindo ya raɗa mini, "Uwargidana ce, Yalwa. An koro ta nan saboda hayaƙi. Ni kuma an haɗa ni da ita saboda zunubaina."

Ta ce, "Ina jin ka, tsoho."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, don Allah kin taɓa yin kuka a filin nan?"

Ta ce, "Dube ni da kyau. Na yi kama da mai lokacin kuka?"

Raina ya yi fari. Na sa hannu na tona ƙasa, ban kai gwiwar hannu ba ruwa ya ɓullo. Mu da a Dabagira sai an haɗa igiya da igiya kafin guga ya jiƙe! A ƙarƙashin rairayin kuma akwai baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma ban kula ta ba. Na ɗebi ruwan na kai baki, sai na furzar da shi.

Na ce, "Baba, hawaye ne! Ƙasar nan duk hawaye ce!"

Ya ce, "Gishiri ne, ɗan tudu. Kifi ba ya kuka. Ko ya yi, wa zai gane?"

To, sai na yi abin da na gada. A Dabagira rami ake yi wa shuka, a zuba taki, a sa iri a tsakiya, don in ruwa ya zo ya samu wurin zama. Na haƙa ramuka masu kyau, waɗanda da kawuna ya gani da ya sa mini albarka. Ba kuwa wanda zai ce mini kul, domin a Sulmiya ba a noma. Gwaggo Yalwa ta ce ita dai ta san hatsi daga jirgi yake saukowa, ta zaci a buhu yake tsirowa. Hadari na haɗuwa na juye jakar iri a tafin hannu, na shuke su duka.

Ruwa ya sauko irin wanda ban taɓa gani ba. Na tsaya cikinsa ina murna. Ramukana suka cika, na ce madalla. Gari ya waye suna cike. Wani garin ya sake wayewa suna nan cike, har kwaɗi sun tare da iyalansu. Ruwan ba shi da inda za shi, sama rairayi, ƙasa laka ta toshe, gefe kuma fili ba gangare. Da na gaji da jira na cusa hannu na lalubo irin, sai na ji sun yi laushi kamar jiƙaƙƙen wake. Na matsa ɗaya ya fashe da wari.

Na ɗauko ƙwaryar Inna na kifa a kunne don in ji sanyi. Shiru. Na juya ta, na girgiza, na sake kifawa. Damina ta zagayo, Inna ta tafi karo na biyu.

Kuka ya taso mini tun daga cibiya. Amma na tuna in ɗigo ɗaya ya faɗi a filin nan na ɓata shi. Sai na toshe idanu da hannu na sheƙa a guje, ban tsaya ba sai da ruwan teku ya kai mini gwiwa, sannan na sake shi.

Can na ji murya a bayana. "Kai Nomau, me kake yi a nan?"

Na ce, "Kuka, Gwaggo."

Ta ce, "A cikin teku? Ce maka aka yi gishirinta ya ƙare?"

Ban san lokacin da dariya ta kufce mini a tsakiyar kuka ba, har na shaƙe. Ta jawo ni waje, ta fizge jakar fatar daga wuyana, ta ce, "Ku maza ba ku iya juye jaka ba." Ta zura yatsa ta fito da cikin waje kamar tana gyaran kifi. A can cikin ɗinki, ga ƙwaya ɗaya ta maƙale, busasshiya, lafiyayya.

Ta ce, "Riƙe. Wannan karon kada ka ba kwaɗi."

Na yi kwanaki ina yawo a Jaririya da ƙwayar nan a dunƙule a hannu, ina tsoron ƙasa, ina tsoron damina ta wuce. Wata safiya na bi hanyar da dorinai ke komawa teku bayan sun juye kaya. Kwandunansu sun ƙwaƙule hanyar ta yi zurfi, kuma da teku ta janye sai na ga ruwan fili na gangarowa ta ciki yana tafiya abinsa. A gefen hanyar, inda rairayi ya taru ya yi tudu ya gauraya da kashin dorinai, ga ciyawar kiri-kiri kore shar. Ita kaɗai ce abin da ya tsiro a filin. Na ɗebi rairayin saman tudun na ɗanɗana. Babu gishiri, ruwan sama ya wanke shi ya wuce.

Na zauna daɓas. A Dabagira roƙon ruwa ake ya zauna, a nan roƙonsa ake ya tafi. Ni kuwa na zo na yi masa shimfiɗa har da matashi.

Na ɗauki fartanya na fara haƙa magudana daga filina zuwa teku. Ina haƙawa a gaba, rairayi na zubowa yana rufewa a baya. Na wuni, na waiwaya, ko alamar aikina babu. Sai na je wurin Baba Cindo na roƙe shi aron Lallausa, ta ja mini kwando sau ɗaya tak.

Ya ce, "Ɗan nan, so kake ka kashe ni? Dorinar gari ba ta aikin mutum ɗaya. Wanda ya karkatar da ita daga hanya, shi zai koma goge musu haƙora. Ka taɓa leƙa bakin dorina da safe?"

Gwaggo ta ce, "Ai ba zai fi naka ba."

Na koma filina na zauna da ƙwaryar da ta yi shiru a cinya. Shirun ya yi mini nauyi, har ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Tun rasuwar Inna ban taɓa yin waƙar da kaina ba. Muryata ba ta da daɗi, kamar ana jan ƙofar kara take, amma na yi.

Daidai lokacin Lallausa na komawa teku da kwandonta wayam, Baba Cindo na zaune a gadon bayanta. Ta tsaya. 'Yan kunnuwanta suka kaɗa. Ta juyo da wannan kai nata mai girman rumbu, ta bar hanya, ta nufo ni, haƙoran kwando na tsaga ƙasa a bayanta. Na yi shiru don tsoro, ta tsaya ta yi gurnani. Na ci gaba, ta ci gaba.

Sai dabara ta faɗo mini. Na miƙe na zagaya ta tsakiyar filina, na juya wa teku baya, na fara ja da baya ina waƙa. Lallausa na bina tana lumshe ido, kwando na buɗe hanya mai faɗi da zurfi, Baba Cindo ya ɗaga hannuwa sama yana kururuwa, "Jama'a ku shaida! Yatsuna goma sha ɗaya ga su a sama! Ban taɓa ta ba!"

Ban daina ba sai da na faɗa teku da baya. Da na ɗago kai, na ga ruwan ramukana ya biyo sawunmu yana gudu, kwaɗi na binsa suna zagina.

Sarkin Yasa ya zo ya duba, ya shafa gemu. Ya ce shi bai ga wanda ya ja ta ba, bai ga wanda ya kora ta ba, kuma ba zai hana mutum waƙa a filinsa ba.

Daga nan na tara tudu a bakin magudanar har ya kai mini ƙirji. Na zuba kashin Lallausa, da tuƙar rake, da toka da ƙayar kifin Gwaggo. Na bar ruwan sama ya yi ta dukansa, kullum ina ɗanɗana ƙasar, har Gwaggo ta ce in yunwa ce in yi magana. Ranar da na ji ba gishiri, na yi bisimilla, na tura ƙwayar da ɗan yatsa a can ƙololuwa.

Ba zan iya faɗa muku yadda jiran ya kasance ba. Na dai san wata safiya na ga ƙasa ta tsage, 'yan ganye biyu sun buɗe kamar tafin mai addu'a. Lallausa kuwa ta mai da abin al'ada, kullum da hantsi sai ta tsaya a bakin magudana, ba ta motsi sai na yi mata waƙa. Haka na riƙa yi, ina tsince busassun ganye, duma na yaɗo har ya haye rumfar banda.

Da na gaya wa maƙwabtana cewa duman yana ji, sai suka shiga taitayinsu. Washegari Gwaggo ta fito tana cewa, "Barka da hantsi, maigidana, sanyin idona."

Baba Cindo ya zabura, ya ce, "Wa ya mutu?"

Ta ce, "Ladabi nake yi maka, tsohon kawai, duma na ji!"

Ladabin bai kai azahar ba.

Can tsakiyar damina aka yi ruwa mai yawa, ya haɗu da cikar teku, Jaririya duk ta koma tabki. Na tsaya cikin ruwa har ƙugu ina kallon tuduna, shi kaɗai a tsaye kamar kan mai iyo. Da teku ta janye, hanyar Lallausa ta zuƙe ruwan tas. Duma ko ganye bai sauke ba. Ya yi fure fari, ya yi 'ya'ya, babbar cikinsu ta zauna a kan rumfa tana shan hayaƙi har ta ƙosa.

Na yanke ta da kaka, na fafe, na kwashe irin da ya cika jakar fata har ya yi saura, na shanya ta. Ranar da ta bushe, Baba Cindo ya ƙi fita aiki, Gwaggo ta bar kifinta. Muka zauna gindin tudu da la'asar. Na kifa ta a kunne.

Na ji ruwan sama. Na ji kwaɗi. Na ji gurnanin Lallausa. Na ji Gwaggo tana cewa, "Tsoho, wa ya cinye kan kifin nan?" da Baba yana rantsuwa da baki cike. Sannan na ji waƙar, amma da muryata ce, muryar ƙofar kara. Na ce a raina ashe iri bai gaji komai ba. Zan sauke ke nan, waƙar ta kai "yana yawo". Sai ta tsaya. Aka yi ɗan tari. Aka ce, "Kai, hayaƙin nan!"

Na miƙa wa Gwaggo ƙwaryar. Ta saurara, ta ce, "Ai kai ne. Kullum sai ka yi shi a daidai nan, ko babu hayaƙi."

Baba Cindo ya karɓa ya ji, ya ce, "Ƙarya ne. Ni da nake kan Lallausa kullum ban taɓa jin ya yi tari ba. Kuma wannan tarin mace ne, na ji shi a Kogin Gyangyaɗi."

"Kai da ba ka jin kiran abinci sai an taɓa ka?"

"Kiran aiki ne ba na ji, Yalwa."

Har yau ba su daidaita ba, ni ma ban sani ba ko nawa ne ko nata. Na dai ji abin ya taso mini daga cibiya, na toshe idanu na yunƙura zan ruga teku. Gwaggo ta damƙo rigata ta zaunar da ni.

Ta ce, "Yi abinka a nan. Ranar da 'yata ta shiga jirgi zuwa garin mijinta, a ina kake tsammani na zauna? Nan, daidai inda ka tara tudun nan. Sai da na jiƙe zane biyu."

Na ce, "Amma Gwaggo, kin ce mini ba ki taɓa ba!"

"Ni? Tambayarka na yi ko na yi kama da mai lokaci. Ka ji kuka a ƙwaryar?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To. Uwarka ta san abin da ta haifa. Da ta ce ka shuka a bayan ɗaki, da har yanzu kana can kana jiƙa mata gona."

Na kifa ƙwaryar a ƙirji, na yi kuka a kan Jaririya har na ƙoshi, ina yi ina dariya. Ba wanda ya hana ni. Baba Cindo ya juya wai hayaƙi ne ya shiga masa ido, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Da na lafa, Gwaggo ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta shiga rumfa, ta leƙo.

Ta ce, "Kai mai yawo, taso. Tuwo ya huce."

A nan ƙafata ta tsaya, a nan hikayata ma za ta tsaya. Wanda ya bi ta Sulmiya ya ga tuddai jere a bayan gari, duma ya lulluɓe su, to ya rage murya in zai yi gulma. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na karkace daga ni ne. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙafafunmu inda za su huta.